Kwana Ashirin da Uku Muna Fama da Shaƙuwar Baban Ummi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya mayar mana da lafiya bayan mun yi wasa da ita. Sunana Rakiya, matar Sabitu. In na ce Sabitu ba kowa zai gane ba, sai na ce Jira-Ni. Na zauna rubuta wannan ne don bakina ya gaji. Duk gidan suna ko na biki da na shiga a Makarfi sai an ja ni gefe: "Maman Ummi, wai da gaske shaƙuwa ce ta kwantar da shi a asibiti?" Da gaske ne. Ku yi dariyarku, mu ma yanzu muna yi, amma ku karanta har ƙarshe, don saura ƙiris abin dariyar nan ya sa ni takaba. Na nemi izininsa kafin in rubuta. Ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya, in sanar da duniya cewa waƙoƙinsa goma sha huɗu ne, ba ɗaya ba. To, na sanar.

Ga waɗanda ba su yi wayo a lokacin ba, Baban Ummi ɗan Likoro ne. Yana saurayi ya sayar da tumakinsa biyu ya tafi wani situdiyo a Zariya, ya yi waƙar "Jira Ni a Kwana". A waƙar, saurayi ne budurwarsa za ta tafi birni, yana roƙon ta ta jira shi a kwanar titi, kar ta hau motar farko. Shekara biyu waƙar nan ba ta bar kowa ya huta ba: teburin mai shayi, shagon mai kaset, motocin Ikara, 'yan mata a bakin rijiya. Ya samu babur, ya samu suna, ya same ni. Sai ya yi ta biyu, ba ta tashi ba. Ta uku ma haka. Ta bakwai kuwa ko ni sai da ya tuna mini cewa shi ya yi ta. Da aka daina yayin kaset ya koma noman rake irin na ubansa, yana kuma ba da hayar lasifika a wurin walima da saukar karatu. Dama can ba mai jiki ba ne, noma kuma ya ƙarasa shi, har ya yi kama da abin da yake nomawa.

Wata Asabar waya ta shigo. Hajiya Talatu ce, dillaliyar dankali a Kudan, za ta aurar da ɗanta nan da wata biyu, kuma ta rantse ba mai riƙe makirfo a bikin sai Jira-Ni. Shekara tara rabon da a gayyace shi shi kansa, ba lasifikarsa ba. Ranar ko gona bai je ba. Ya share zaure, ya kafa babbar lasifikarsa, ya hana kowa zuwa kusa da ita, ya shiga atisaye safe da yamma. In ya huta sai in gan shi da waya yana kallon mawaƙan yanzu, masu kumatu da sheƙi, yana ƙwafa.

Sai ci ya buɗe masa. Mutumin da malmala ɗaya ke isar sa ya koma uku, ya sa a yi masa ɗumame, ya aika a sayo ƙosai. Cikin sati uku kumatu suka fito. Mata suka fara yi mini barka: "Maman Ummi, me kike ba shi ne?" Ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa, "Ai ɗan abin da aka samu ne." Har wata maƙwabciya na koya wa yadda nake haɗa miyar kuka.

Shaƙuwar ta fara ne ranar wata Asabar bayan azahar, ya gama cin tuwo ke nan. Hiƙ. Na miƙa masa ruwa. Hiƙ. Na ce ya yi kurɓi tara ba tare da numfashi ba. Ya yi goma sha biyu. Hiƙ. Muka yi dariya, ya koma zaure. Daga tsakar gida ina jin sa ta lasifika: "Jira ni a—hiƙ—kwana, motar farko ba—hiƙ—taki ba ce." Na ce a raina zuwa la'asar ta wuce. Aka kwana aka tashi tana nan.

Satin farko na 'yan ba da shawara ne. An ba shi sukari a cokali, an ba shi zuma da toka, an sa ya sha ruwa ta bayan kofi har ya jiƙe riga. Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Likoro ta dube shi ta ce, "Ba ciwo ba ne. Ambaton ka ake yi a wani wuri." Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce da ni, "Kin ji ko? Labari ya—hiƙ—bazu. Masoya ne." Na ce lalle masoyan nan ba sa barci. Inna ta kuma ɗauko zare a bakin zanenta ta lanƙaya masa a goshi yadda ake yi wa jarirai, mutum mai 'ya'ya huɗu. Ya wuni da shi don kar ya saɓa mata.

A masallaci ma abin ya zama magana. Liman na cikin karatu, sahu ya yi tsit, sai hiƙ. Wasu samari biyu sai da suka sake salla. Daga baya ladan ya same shi cikin ladabi ya ce ko zai riƙa tsayawa a ƙarshen sahu, kusa da taga.

Sai Yaya Haruna, wansa, ya kawo tasa dabarar. Shi a iliminsa ba abin da ke kashe shaƙuwa kamar firgita. Ranar Juma'a da hantsi ya faɗo gidan ba sallama, hula a hannu.

"Sabitu! Innalillahi! Wuta ta kama gonar rakenka, ba a tsira da ko gaɓa ɗaya ba!"

Baban Ummi ya fita da takalmi ƙafa ɗaya, ya hau babur, ya yi fadama. Ni kaina sai da na ɗora hannu a ka kafin Yaya ya ƙifta mini ido ya zauna ya ce a kawo masa fura. Bayan kusan awa ɗaya ga mai gona ya dawo, laka har gwiwa, ido jawur. Yaya ya miƙe da murna: "Yaya dai? Ta tafi?" Baban Ummi ya nuna shi da yatsa, ya buɗe baki zai yi masa Allah ya isa, shaƙuwa ta raba maganar biyu. Shi ya sa har yau Yaya Haruna ke cewa ba ta kama shi ba.

A sati na biyu dariyata ta fara raguwa. Ba ya samun barcin kirki, ni ma haka, don gadon har motsi yake yi. Ga ƙishirwa, ya shanye randa ya nemi ƙari. Ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, har na lura tururuwa na taruwa a makewayi. Yana yawan dafe saman cikinsa, in na tambaya ya ce jijjigar shaƙuwa ce. Na ce mu tafi asibiti. Ya ce, "Ni da girmana in je in ce wa likita—hiƙ—shaƙuwa nake yi?"

Ana haka Gwaggo Asabe, ƙanwar babansa, ta iso da nata bayanin. Ta rufe ƙofa ta rage murya: "Jifa ne. Mawaƙan zamani sun ji za ka dawo, suka ɗaure maka maƙogwaro." Wallahi na ga fuskar Baban Ummi ta yi haske. Shekara da shekaru ba wanda ya ɗauke shi abin tsoro, yau ga shi har ana kashe kuɗi a kansa. Ya ce, "Dama na—hiƙ—zarga." Ba a gardama da gwaggon miji, amma a raina na ce mawaƙin da zai bar Kano ya zo ya jefi mai hayar lasifika ai ba shi da aikin yi. Aka lulluɓe shi da bargo aka tura masa kasko da hayaƙin wasu saiwoyi. Ya fito da shaƙuwarsa, an ƙara masa tari.

Da ƙyar na ja shi wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Muka yanki kati, muka bi layi tun safe har rana ta take. Da muka shiga, ma'aikacin ya dubi katin, ya dube shi, ya miƙe tsaye: "Kai! Jira-Ni ne?" Ya leƙa waje ya kira abokan aikinsa, aka yi hoto. An fi daɗewa a hoton da a duba shi. Ya dai tambaye shi, "Kana shan wani magani?" Baban Ummi ya ce, "Ni? Ko na ciwon kai ba na—hiƙ—sha." Aka yi masa allura. Shaƙuwa ta tsaya, muka dawo gida ina ta sa wa ma'aikacin albarka. Muna gama sallar la'asar ta dawo, kamar ta je unguwa ne.

A rana ta goma sha shida da yamma ina tankaɗe, shi yana zaure yana atisaye, don ya ƙi haƙura. Sai na ji waƙa ta yanke, lasifika ta yi wata ƙara mai tsawo. Na same shi a ƙasa, makirfo a gefe, gumi ya jiƙe shi, leɓɓansa sun yi fari fat. Ina girgiza shi ina kiran sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Abin da ya nuna mini yana da rai shi ne hiƙ ɗin nan. Ranar na gode wa Allah da ita.

Yaya Haruna ya samo motar abokinsa, muka nufi babban asibiti a Zariya. Ba zan ɓoye ba, mun sha wuya. Ba gado sai da muka yi awa huɗu a kan benci. Komai sai a rubuto takarda a ce je ki sayo, tun daga safar hannu har ruwan da za a ɗaura masa, kuma wurin biya na gabas, wurin karɓa na yamma. Akuyata mai ciki a wannan satin ta bar gidan. Amma a nan Allah Ya haɗa mu da Dakta Ladi, wata 'yar siririya daga kudancin Kaduna, wadda ba ta fi ƙanwata ta uku ba.

Ta ce, "Malam, mene ne sana'arka?"

Ya ɗan gyara kwanciya duk da halin da yake ciki. "Ni ne—hiƙ—Jira-Ni."

Ta ce, "In jira ka? Ina za ka?"

An caka masa allura ta fi goma a asibitin nan, ba wadda ta yi masa zafin wannan.

Ta duba idonsa, ta danna cikinsa ya yi ƙara. Ta tambaye shi launin bayan gidansa. Ya dube ni, ya dubi silin, sannan ya ce kwana biyar ke nan baƙi ne kamar kwalta. Kwana biyar, ban sani ba! Ta ce jini ne ke zuba a cikinsa, ga sukarinsa ya hau sosai. Sai ta tsaya tana kallon fuskarsa, ta ɗaga zanen da aka rufe shi ta dubi ƙafafunsa 'yan sirara. Maganar da ta yi ba zan manta ba: "Malam, wannan kumatun ba na tuwo ba ne. Me kake sha?" Ya rantse ba komai. Ta ce to, ta rubuta a nemo jini.

Yaya Haruna ne ya bayar. Mai firgita mutane da gobara, yana ganin allurar ya ce a ba shi minti ɗaya, ya sulale daga kan kujera. Sai da aka yi masa fifita. Amma ya farfaɗo ya miƙa hannu ya kau da kai, aka ɗiba. Wannan ba zan manta masa ba.

Gadon da ke kusa da namu wani dattijo ne daga Furana, Baba Yohanna, ƙafarsa ce ta ruɓe da ciwon sukari. Matarsa Mama Saratu ta fi wata a wurin, ta san kowane lungu. Ita ta nuna mini famfon da ba layi, ita ke duba mini shi in na fita. Duk abin da likita ta faɗa a kunnenta. Da safe muna wanke kwanuka ta ce, "'Yata, shekarata arba'in da aure. In namiji ya rantse da sauri haka, akwai abu. Koma gida ki duba inda ya hana ki taɓawa."

Na hau mota na koma Makarfi. Ban ko cire mayafi ba na shiga zaure, na juya babbar lasifikar, na sa wuƙa na kwance bayanta. Ga baƙar leda a cushe. Cikinta 'yan ƙananan ƙwayoyi ne, da fankon waɗanda aka shanye tuli guda. Na zauna a ƙasa na yi kuka, rabi don tsoro, rabi don haushin barkar da na yi ta karɓa a kan miyar kuka.

Ban kai masa ba, likita na fara kai wa. Ta juya ledar ta ce, "Sha-ka-fashe." Ta ce magani ne na gaske, mai amfani in likita ya rubuta shi don cutar da aka yi shi dominta, amma mutane sun mayar da shi abincin ƙiba. Shi ya buɗe masa ci, shi ya kumbura fuskar, shi ya ta da sukarin, shi ya taimaka wa gyambon ciki har ya fashe, kuma shi ke sa wasu maza shaƙuwar da ba ta jin magani. Na ce bari in je in zuba sauran a masai. Ta riƙe hannuna: "A'a. Ba a yanke shi rana ɗaya, jiki ya riga ya saba. Kamar tsani ne, da taki ɗaya-ɗaya ake sauka. Wanda ya diro shi ke karyewa." Ita ta tsara yadda za a riƙa rage masa.

Muka je bakin gadon tare, ta ajiye ledar a kan cikinsa. Ya dubi leda, ya dube ni.

"Wa ya ce ki taɓa mini—hiƙ—lasifika?"

Dukan ɗakin aka fashe da dariya, har Baba Yohanna da ke cikin ciwo.

Ranar bikin ta same mu a kan gadon nan, kwana na ashirin da biyu. Tun safe ya juya fuska bango, ya ƙi koko, ya ƙi magana. Sai wajen la'asar, lokacin da ya san an fara taro a Kudan, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Rakiya, wani mai kemis ne a kasuwa ya ce sati uku zan cika. Ni ba ƙiba nake so ba. Tsoro na ji in hau gaban mutane su dube ni su ce—hiƙ—Allah sarki." Na daɗe ina tanadin faɗan da zan yi masa, na tsara shi tun a mota. Ban samu bakin yi ba. Na dai ce, "Da ka faɗa mini." Ya ce, "Da kin hana." Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Washegari da safe ina ba shi koko, cokali na huɗu, na biyar, sai na ji wani abu ya ɓace a ɗakin. Na tsaya da cokali a sama. Shi ma ya ƙura mini ido, ba mai son ya fara magana. Mama Saratu ce ta leƙo ta ce a hankali, "Ta tafi ne?" Na ce, "Mama, yi shiru kar ta ji." Ba ta dawo ba. Ya yi barci tun hantsi har magariba, nas ta zo ta duba shi sau biyu don ta tabbatar barcin ne.

Ranar Litinin sai ga Hajiya Talatu da ƙawayenta uku, da kuloli na naman biki da dubulan. Ba abin da likita ta yarda ya ci a ciki, Yaya Haruna ne ya ce shi ke bin bashin jini, ya ja kula gabansa. Hajiya ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana waige-waige, ta ce, "Ina Jira-Nin yake?" Aka nuna mata. Ta matso ta ƙare masa kallo.

"Subhanallahi! Wa ya hura ka haka? Mu da muka san ka kamar sillen kara! Ai ramar nan ce ta sa muka yarda da gaske budurwar ta tafi ta bar ka. Da ka zo mini da wannan fuskar, cewa zan yi an aiko mini da wani."

Baban Ummi ya shafa kumatunsa. Ni na juya ina gyara filas don kar a ga bakina.

Hajiya ta ce tunda ya ci mata biki, ba za ta tafi ba sai ta ji ko baiti ɗaya. Dakta Ladi na zagayen duba marasa lafiya a lokacin, ta ce baiti ɗaya dai, kuma daga kwance. Ya gyara murya. Ta fito a dushe, tana rawa, amma ba ta yanke ba. Kafin ya kai "motar farko" Hajiya da ƙawayenta sun karɓe, sai Mama Saratu, sai wata nas mai tura keken magani, sai wani mai karaya daga can ƙarshen ɗaki. Shi mai waƙar ma shiru ya yi ya bar musu, hawaye na gangarowa ta kan kumatun nan.

Da aka gama na ga likita tsaye da fayil a ƙirji, baki buɗe. Ta ce, "Wai wannan ce? Mamata ke yin ta in tana wanki, tun ina ƙarama. Malam, kai ka yi ta? Ni na zaci irin tsofaffin waƙoƙin nan ne na gargajiya da ba a san mai su ba."

Bayan kwana huɗu aka sallame mu. Yanzu wata biyar ke nan. Kumatu sun sace, sukarin ya sauka amma an ce a riƙa aunawa, an hana shi yaji da zama da yunwa, kuma manomin rake an ce ya rage shan rake. Baba Yohanna ya rasa ƙafar amma yana raye, mun je Furana mun gaishe su. Allah Ya saka wa Dakta Ladi da Mama Saratu da Yaya Haruna da alheri, Ya shirya mai kemis ɗin nan kafin ya kashe wani.

Abin da zan ce wa 'yan uwana mata: shaƙuwar da ta kwana biyu ta wuce ta ruwa da sukari, a tafi asibiti. In miji ya yi ƙiba farat ɗaya alhali tukunyarki ba ta canza ba, ki bincika kafin ki amsa barka. Ku kuma maza, likita ba surukinku ba ne, ku faɗa masa gaskiya.

Maganar likitar nan kuwa har yau tana cin sa, ya kasa gane yabo ne ko zagi. Jiya ma muna cin abinci ya ajiye loma ya ce, "Rakiya, waƙar da aka manta mai ita, ai ta fi ƙarfin mai ita ke nan, ko?" Na ce ban sani ba, ni ba waƙar na aura ba. Ya cinye tuwonsa, ga magani na jiran sa.